Hannu biyu a kan keke

Laraba. An ɗauke wuta tun asuba, zafi kuma bai jira hantsi ba. Saura kwana tara su Inna su tashi zuwa umra, ita da Baffa da Abba.

Da safe Baban su Abba ya dawo daga wurin 'yan canji da riyal 700 a ambulan, ya ajiye mini a gaban madubi, ya ce in san yadda zan tsara su. Ya ƙi bari sai mako mai zuwa, don riyal a ɗaure take da dala, 3.75 a kan dala ɗaya, duk ranar da dala ta motsa a nan ita ma sai ta bi ta. Jirgi da biza da masauki Baffa ya riga ya biya ta hannun ejan. Wannan guzurin Abba ne shi kaɗai, na kwana 14.

Na samo ragowar littafin makarantar Auta, na ja layi. Abinci 250, tunda masaukin karin kumallo kawai zai ba su. Tsaraba 150. Aski bayan sa'ayi da 'yan ƙananan buƙatu 50. Na ko-ta-kwana 100, wanda ba za a taɓa ba sai in ya ɓace wa Baffa ya nemi mota. Sauran 150 na rubuta musu "waya", na ja layi biyu a ƙarƙashi. Harami ba shi da aljihu, don haka na aiki Auta Babbar Kasuwa ta sayo bel mai zif.

Maganar wayar ce ta cinye mini yini. Bayan azahar na leƙa gidan Maman 'yan biyu, tunda ita ta je bara. Ta ce kada ma in yi tunanin barinsa da layin gida, ita kira biyu ta yi da nata kuɗin ciki suka ƙare. Suna sauka ya sayi layin can, STC ko Mobily ko Zain, da fasfo ake yi, a ɗauki zanen yatsa. Ya bar layinmu a ɗaya gurbin amma ya kashe masa data, don saƙo ya riƙa shigowa. WhatsApp zai ci gaba da aiki da lambarsa ta nan, in dai bai danna canza lamba ba. Ta ce ita kiran WhatsApp bai riƙa shigar mata ba a can, sai saƙon murya, da IMO take ganin yaranta. Caja kuwa irin tamu ce mai ƙafa uku. Fawa bank a jakar hannu, ba a cikin akwatin da za a auna ba.

Duk na rubuta. Har jadawali na yi. Suna gaba da mu da awa biyu, sai na tsara kira biyar a rana, bayan kowace salla, da lokacinsu da namu gefe da gefe.

Da la'asar Abba ya shigo daga islamiyya, na ce ya zauna. Ya zauna a bakin tabarma, ya ɗauki littafin yana bi da yatsa layi layi, yadda yake bin allo yana ƙarami. Ya daɗe a kan shafin jadawalin.

"Umma, wannan na waya ya yi yawa."

Na ce bai yi ba, hoto mai motsi yana shan data.

"Sau biyar?"

Na ce sau biyar ɗin. In an shiga ɗawafi ma ina so ya kira ni in gani da idona, tunda Allah bai kira ni ba tukuna.

Ya yi shiru, ya juya biron a hannunsa. Sannan ya ce, a hankali, kansa a ƙasa: "Umma, in ina tura keken Inna hannuna biyu suna kan keken. Zagaye bakwai ne, ga Safa da Marwa bakwai. Baffa ya ce cunkoso ne, in na saki hannu ɗaya keken zai bugi ƙafar mutane. Ki bari in mun koma masauki in yi miki saƙo, in faɗa miki komai."

Sai ya soke 150, ya rubuta 80, ya kai saba'in ɗin layin tsaraba. A gefe ya rubuta "dabino, Umma" da ƙaramin rubutu.

Ban ce komai ba. Na tashi na shiga madafi kamar na bar wani abu a wuta, alhali ko ashana ban ƙyasta ba. Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta yi mini zafi. Yaron nan shekararsa 17, bai taɓa wuce Gusau ba, kuma shi ne ya tuna da ƙafafun mutanen da bai sani ba. Ni kuwa na yini ina lissafin yadda zan riƙe shi a kunnena.

Bayan magariba na kai wa Inna fura, na ba ta labari, ina ɗan ƙorafi. Ta saurare ni har na gama, tana juya ludayi a ƙwarya.

"Ke ɗiyata, mi kika tsoro? Wanga yaro tun yaye shina hannuna. Ɗan fari na, ko sunanai ba ki kama ba, yanzu kuma sau biyar?"

Ta yi dariya, ni ban iya ba. Shekara 17 ina kawar da kai in ya shigo ɗaki a gaban mutane. Ranar da ya sauke Alƙur'ani ina can ƙuryar ɗaki, ƙannen babansa ne suka yi ta guɗa. Haka muka taso muka gani, ban taɓa jin nauyinsa ba sai yau. Abin da bakina bai saba faɗa masa ba, shi na bi na zuba a littafin Auta, da layi biyu a ƙarƙashi. Ina jin ya gane. Ina jin shi ya sa bai ɗago kai ba da yake magana.

Inna ta ce lokacin da Malam ya tafi hajji suna da ƙuruciya, babu abin da ta ji daga gare shi sai ranar da aka ce jirginsu ya sauka. Na ce Inna ai zamani ya canza. Ta ce uwa dai ba ta canza ba, ta miƙo mini ƙwaryar in wanke.

Katin allurar shawara yana hannun Baffa, ta sanƙarau sai Litinin. Har yanzu tela bai kawo jallabiyoyin ba. Takalmin soso ya matse shi, a canzo.

Wuta ta dawo wajen ƙarfe goma. Na yage shafin jadawalin. A kan wata 'yar takarda na rubuta lambar Baffa, da sunan masaukinsu na Makka da na Madina, da tawa lambar da +234 a gabanta, don ko wayar ta mutu ko ta faɗi. Na naɗe ta a leda na tura cikin zif ɗin bel ɗin, bayan ɗari ta ko-ta-kwana.

Ɗazu na leƙa ta taga. Yana tsakar gida da keken Inna babu kowa a ciki, ya ɗora buhun gero a kai, yana zagaya bishiyar darbejiya yana koyon juyawa.