Data tawa ce, amma ba ni ke kashe ta ba

Ina da ɗan shago a bakin titi a ƙauyenmu, tsakanin Gumel da Maigatari. Buga takardu nake yi, da fotokwafi, da cike fom a intanet, da katin ɗaurin aure da na suna, a gefe kuma ga allon cajin waya. Wutar lantarki ba ta cikin lissafinmu. Faifan sola ne a kan rufin kwano, da batir, da inbata, sai ƙaramin janareto da ba na tayarwa sai dole ta yi dole, don kowa ya san inda fetur ya kai tun da aka cire tallafi a 2023. Intanet kuwa daga 'yar na'urar MiFi nake jawo ta, wadda nake ratayewa a ƙusa jikin taga, saboda nan ne kaɗai sabis yake yarda ya tsaya. A wurina megabait kuɗi ne, cajin batir ma kuɗi ne. Masu ƙera manhajojin da nake aiki da su kuwa, da alama ba su taɓa zama inda ake ƙirga waɗannan abubuwa ba.

Wata Alhamis da hunturu, ranar kasuwar Maigatari, wani dattijo ya zo da sassafe a fitar masa da takardar 'yarsa ta neman makaranta. Mota ta cika, shi kaɗai ake jira. Aikin bai fi na shan ruwa ba: a buɗe shafi, a sa lamba, a danna, firinta ta tofo. Ina kunna kwamfutar sai ga wasu ɗige-ɗige suna zagaye a fuskarta, da rubutun Turanci cewa ana sabunta manhaja, kada a kashe. Ƙirge ya fara hawa, ya kai kashi talatin, ya tsaya cak. Rana ba ta yi ƙarfi ba, ƙura ta rufe faifan sola, inbata ya soma kukan nan nasa na batir ya yi ƙasa. Yaron mota yana leƙowa yana buga ƙofar shago da tafin hannu.

"Ɗana, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Baba. Kwamfutar ce take gyara kanta."

"Da ma ta lalace ne?"

"A'a, jiya da dare lafiyarta ƙalau."

Ya gyara zaman hularsa, ya dube ta, ya dube ni. "To wa ya sa ta?"

Mota ta tafi ta bar shi. Daga baya ɗan acaɓa ya kai shi, a kan kuɗin da ya fi na motar. Ni kuma na tayar da janareto don kada ta mutu a tsakiyar aiki, domin wanda ya san kwamfuta ya san in wuta ta yanke a wannan gaɓar, tana iya ƙin tashi gaba ɗaya. Da ta kammala, na duba data, ta yi ƙasa sosai. Abin da na gani sabo kuwa wani tambari ne da ya bayyana a ƙasan allo yana tayin ya taya ni rubutu, da wani shafi da ya cika fuska yana tambaya ko zan so in koma burauzar (manhajar buɗe shafukan intanet) da kamfanin Microsoft ya fi so. Maɓallin amincewa babba mai launi, na ƙi ɗan mitsitsi, shi ma ba "a'a" aka rubuta ba, "a tuna mini nan gaba" aka rubuta.

Kada a ɗauka ban san amfanin sabuntawa ba. A watan Mayun 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle na'urori a ƙasashe sama da 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali tun watan Maris Microsoft ta fitar da maganin ɓarakar, mutane ne ba su saka ba. Ni da nake riƙe lambobin NIN da hotunan fasfo na rabin ƙauye a kwamfuta, ba ni da hujjar wasa da tsaro. Sai dai ita ma sabuntawar ba ma'asumiya ba ce. Ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wani gyara da ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 a duniya, jirage suka kasa tashi, bankuna suka tsaya. Duk waɗanda abin ya shafa ba laifin da suka yi illa barin ƙofa a buɗe ga gyaran da ba a tambaye su ba.

Abin da yake ci mini rai shi ne yadda ake ƙulle toshiyar ɓaraka da kayan kwalliya da tallar kamfani a ƙunshi ɗaya, a ce ko ka karɓa duka ko ka zauna ba kariya. A garinmu ko ɗan'uwanka na ciki ɗaya ba ya faɗa maka ɗaki ba sallama, balle ya sauya wa gadonka wuri ya kuma ce kai za ka biya kuɗin dakon. Kuma dakon ya ƙara tsada: a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Burauza kaɗai ta ishe ka. A 2021 Chrome ta koma fitar da sabon zubi duk mako huɗu, ban da ƙananan gyare-gyare a tsakani, sauran ma kusan haka suke yi. Akwai wurin da za ka gaya wa Windows cewa intanet ɗinka ta awo ce, ta rage jan kaya, akwai kuma wurin dakatar da sabuntawa na mako biyar. Duk wanda ya kawo mini kwamfuta ina kunna masa na farkon. Amma sai wanda ya sani yake gano inda aka ɓoye su, kuma na biyun jinkiri ne kawai, wa'adi na cika za a dawo.

Ga kuma maganar Windows 10, wadda Microsoft ta daina kula da ita ranar 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutocin da irinmu muke saya gwanjo ne, a Farm Centre ko Beirut Road a Kano, waɗanda ofisoshin Turai suka gama yayinsu. Da yawansu lafiyarsu ƙalau, amma Windows 11 tana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ba ta tsufa ba, a ɓangaren Intel galibi daga zubi na takwas zuwa sama. An ba da ƙarin shekara ɗaya ta gyaran tsaro zuwa Oktoban 2026, ga wanda ya biya dala 30 ko ya ɗaura kwamfutarsa a asusun Microsoft. Bayan nan, na'urar da ke buga takarda tsaf ta zama abin tsoro a intanet, ba don wani abu ya karye a cikinta ba.

Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta a Dutse kullum maganarsa ɗaya: "Kawu, ka koma Linux ka huta." Yana da gaskiya ta wani ɓangaren, Linux manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, kyauta ce, tana tashi a tsohuwar na'ura, kuma sai ka ce ta sabunta take sabuntawa. Na tambaye shi da me zan yi katin ɗaurin aure, tunda CorelDraw, manhajar zanen da nake aiki da ita, ba ta da zubin Linux, kuma duk zanen da na tara na shekaru a cikinta yake. Ya ce akwai Inkscape, ita ma ta zane ce. Na ce to ya zo hutu ya zauna a shago ranar da iyayen amarya suka tsaya a kansa suna son a sauya kalar fure.

Batun burauza ne ya fi ba ni dariya mai ciwo, domin nan ne ake nuna maka kamar kana da zaɓi. Mu da muka fara shiga intanet da ƙananan Nokia mun san Opera Mini. Dabararta ita ce shafin yana bi ta kwamfutocin kamfanin a matse shi kafin ya iso wayarka, shi ya sa data kaɗan take kai ka nesa. Wannan manhaja ce da aka yi da tunanin mai ƙaramin ƙarfi. Yau in ka jera sunaye za ka ga kamar kasuwa ta cika: Chrome, Edge, Opera, Brave, Vivaldi, Samsung Internet. Ka buɗe cikinsu, duk Chromium ne, tushen da Google ke jan ragamarsa. Opera ta ajiye injinta ta koma can tun 2013, Edge ta bi sahu a 2020. Safari ta masu Apple ce, wanda a nan sai dai a gani a hannun ɗan siyasa. Saura Firefox, mai injinta na kanta da ake kira Gecko, ita kuma mafi yawan kuɗin da Mozilla ke riƙe ta da su daga Google suke fitowa, ladan sanya bincikensa a gaba. A shari'ar da aka yi a Amurka an bayyana cewa a 2021 kaɗai Google ta kashe dala biliyan 26.3 don ta zama ita ce ake tararwa a wayoyi da burauzoji, kuma a Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa ta yi babakere a harkar bincike ba bisa ƙa'ida ba.

Wani zai ce ina ruwan mai shagon ƙauye da wannan. Ruwana shi ne talla. Shafin labarai ɗaya, rubutun da kake nema bai taka kara ya karya ba, amma bidiyon talla da ke kunna kansa da hotuna masu motsi su ne ke shanye data. Akwai wata 'yar manhaja ta kyauta, uBlock Origin, da ke tare su tun kafin su sauko. Da Google ta sauya ƙa'idar irin waɗannan manhajoji zuwa abin da ta kira Manifest V3, sai cikakkiyar uBlock Origin ta daina aiki a Chrome, aka bar wata mai rangwamen ƙarfi. Sun ce don tsaro ne. Mai yiwuwa. Amma kamfanin da mafi yawan arzikinsa daga talla yake, shi ne ya rubuta dokar abin da zai tare talla, kuma tunda tushen ɗaya ne, sauran burauzojin sai sun yi da gaske kafin su kauce wa abin da ya yanke. A Firefox har yanzu tana aiki, shi ya sa ita nake buɗewa in zan yi karatu. In kuma fom zan cike, nakan koma ɗayar, domin akwai shafukan hukumomi da makarantu da ake ginawa ba a gwada su ko'ina ba sai a Chrome, ka kai wurin ɗora hoto maɓallin ya ƙi dannuwa. Burauza biyu ke nan, kowacce da nata cin datar.

Sannan aka zo da ƙirƙirarriyar basira, wato AI, aka zuba a ko'ina. Edge da Copilot, Opera da Aria, Brave da Leo, Chrome da Gemini, ita ma Firefox ta buɗe wa abin gurbi a gefe, sai dai tana bari ka rufe. A farkon 2024 Microsoft ta sanar da sabon maɓalli na Copilot a kan allon rubutu. A Afrilun 2024 Meta AI, ta kamfanin da ya mallaki WhatsApp da Facebook, ta iso Nijeriya. A Mayun shekarar Google ta fara ɗora amsar AI a saman sakamakon bincike, ba a jima ba duniya ta yi ta dariya da ta shawarci mutane su zuba gam a miyar fiza don cukwi ya manne.

Ni ma ina amfani da abin. In wani ya kawo wasiƙar neman aiki da Turanci, yana taimaka mini in daidaita ta, amma ni ne na je wurinsa, kuma ina karanta abin da ya fitar. Wanda aka cusa wa mutum daban ne. Wani makiyayi da ke kawo caji, ba ya karatun boko, duk harkarsa da saƙon murya yake yi. Rannan ya zo ransa a ɓace, ya miƙo mini waya, wai wani baƙo ya shigo masa yana ta rubuto Turanci. Yatsansa ne ya taɓa wani sabon tambari a wata manhaja, hira ta buɗe. Shi a zatonsa 'yan damfara ne suka samu lambarsa, har ya yi niyyar zuwa wurin mai POS ya kwashe kuɗinsa. Na ce masa ba mutum ba ne, na'ura ce. Ya ce to a cire masa. Na duba ko'ina, ba wurin cirewa. Iyakar abin da na iya shi ne na nuna masa inda zai kauce wa da yatsa.

Tsorona ma bai tsaya nan ba. Yaran da ke zuwa shago suna tambayar waya komai: yawan maganin tsutsa da za a ba tunkiya, yadda ake haɗa maganin feshi na wake, hukuncin rabon gado, abin da ke karya azumi. Da, bincike yana kawo maka shafuka, ka ga wane ne ya rubuta, ka auna. Yanzu amsa ce guda a sama, a tsare, da murya irin ta wanda ya sani, kuma in an yi tambayar da Hausa, Hausar takan fito a karkace. Wanda aka ba shawarar gam zai yi dariya ya wuce. Wanda aka gaya wa awon maganin feshi ba daidai ba, a gona zai gane, ko a asibiti. Nakan ce musu malamin gona da malamin dabbobi da liman suna nan ba su ƙaura ba, wasu su ji, wasu su ce Kawu ya tsufa.

Yanzu dai ga yadda nake lallaɓawa. Ina sayen datar dare mai rahusa, in bar kwamfutar ta yi abin da za ta yi ranar da na ga batir ya cika, in kwana a shago don kada ta maƙale. Daren Laraba ba na barin ta ta ga intanet ko kaɗan, saboda kasuwar gobe. In an sayar da riɗi bana zan shiga Kano in taya wadda za ta ɗauki Windows 11, in kuɗin bai kai ba a jira wata kakar. Tsohuwar kuma ɗan yayata ya riga ya yi mata ido. Na ce ya raba ta biyu, gefe ɗaya ya sa Linux ɗinsa don shiga intanet, ɗaya gefen a bar mini CorelDraw, a zare masa intanet gaba ɗaya. Ya ce hakan zai yiwu, amma sai ya fara gwada ko firintar za ta yarda.