Ruwa da abincin mai aiki: ku yanke maganar tun ranar farko

Ƙannena amare, da ku da kuka fara aikin ofis kuka nemo mai taya ku shara da wanke-wanke, akwai huɗubar da ba a yi mana ba ranar da aka kai mu ɗakunanmu. An yi mana nasiha a kan miji, a kan dangin miji, har a kan kishiyar da ba ta zo ba tukuna. Amma ba wanda ya zaunar da mu ya ce ga yadda ake ciyar da matar da ke zuwa ta share miki gida. Gani ake abin bai kai a ɓata baki a kansa ba. To ni dai a kan kofin shayi da tsokar nama na ga an rabu baram-baram da mata masu amana a garin nan namu na Kaduna, wata rabuwar ma a gidana aka yi ta, kuma ni ce sila. Shi ya sa nake so ku ji daga bakina: abin da za ta ci da abin da za ta sha, ku yanke shi da baki tun ranar da ta fara, kamar yadda kuke yanke kuɗin wata.

Wadda na fara ɗauka dattijuwa ce daga Rigasa, sa'ar mahaifiyata. Ranar farko na ce mata, "Baba, gida gidanki ne, duk abin da kike so ki ɗauka." Na ɗauki jakata na tafi aiki, a raina na sauke nauyi. An daɗe kafin na gane cewa baiwar Allah nan ba ta taɓa buɗe firjina ba, ba ta taɓa ɗaga murfin tukunyata ba. Famfon tsakar gida take tara wa hannu ta sha, a zafin nan na Maris da Afrilu da ko a zaune kike gumi na tsiyaya. Wata rana na dawo da wuri na same ta zaune a ƙofar kicin ta dafe kai, jiri na ɗibarta. Na ce, "Baba, kin ci abinci kuwa?" Ta ce, "Hajiya, ai ba ki ce ga nawa ba."

Ku tsaya ku duba inda ta fito. Mai zuwa Malali ko Unguwar Rimi daga Rigasa ko Hayin Banki, ko mai tsallako kogi daga Sabon Tasha, da ta yi sallar asuba ko addu'ar safe take kama hanya. Sau da yawa ba ta karya ba, domin ɗan abin da ke gidan ta bar wa yara. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin Keke Napep da na bas ya tashi, da yawansu sai su taka rabin hanya da ƙafa don su rage wani abu. Ta iso ta duƙa ta share, ta goge tayil, ta wanke banɗaki, ta yi shanya a rana. Kuma mace ce da aka raina da kawaici, wadda ko a gidan 'yar uwarta sai an yi mata tayi sau biyu kafin ta sa hannu. Bayan kunya akwai tsoro. Ta sani sarai in ta buɗe firji yau, gobe aka nemi wani abu aka rasa, ita za a fara kallo. Ga irin wannan mata, "ɗauki duk abin da kike so" daidai yake da ba a ce mata komai ba.

Ban ɗauki darasin duka ba a lokacin. Bayan Baba ta koma wajen 'yarta, na samu wata matashiya, na sake maimaita mata kalmar nan. Ita kuwa ta ɗauke ta yadda na faɗe ta. Ta sha yogot ɗin da na saya wa yara na tafiya makaranta, ta ɗumama naman da na ajiye wa maigida. Na ɗaga mata murya a gaban 'ya'yana. Hawaye na zuba ta ce, "Anti, ke kika ce." Gaskiyarta, ni na ce. Wata na ƙarewa ta karɓi kuɗinta, ba ta sake dawowa ba, kuma ban taɓa samun mai tsaftarta ba.

Yanzu duk wadda ta zo, kafin ta taɓa tsintsiya sai na shiga kicin da ita. Ga ruwa a ƙasan firji, ki sha duk lokacin da kika ji ƙishi, ba sai kin tambayi kowa ba. Ga ganyen shayi, ga suga, ga madara a wannan gwangwanin, ga biredi, ki karya kafin ki fara. Abincin rana in an sauke zan zuba miki, in ba na nan ga kular da za ki tarar da naki a ciki. Wannan ɓangaren kuma kayan makarantar yara ne, wancan na maigida ne, a bar su. Da farko nauyin faɗin na ƙarshen nake ji, gani nake kamar rowa ce. Ba rowa ba ce. Iyakar da aka nuna mata ita ke ba ta damar cin nata hankali kwance, ba tana ci tana waiwaye ba.

Ruwa dai ba a yi masa iyaka, ko kusa. Kuma tun da ana maganar ruwa, don Allah ku daina juye Hypo ko kalanzir a robar ruwa ko kwalbar lemo ku ajiye a gindin wurin wanke-wanke. Ke kin san abin da ke ciki, wadda ta fara aiki jiya ba ta sani ba, haka ma ɗanki mai rarrafe.

Addininmu bai bar wannan magana a duhu ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya yi umarni idan mai hidima ya kawo wa mutum abinci, in bai zaunar da shi sun ci tare ba, to ya ɗebar masa loma ɗaya ko biyu, domin shi ya sha zafin wutar da wahalar girkin. A hadisin Abu Zarri kuma aka ce masu yi mana hidima 'yan uwanmu ne, a ciyar da su daga abin da muke ci. Daga abin da muke ci aka ce. A nan ne na fi jin kunyar abin da na aikata, domin na daɗe ina ba mai aiki kingi ina ganin alheri nake yi. Ragowar tukunya daban, ragowar kwano daban. Abin da ya saura a tukunya abinci ne, kowa a gidan zai iya ci. Abin da yaro ya jagwalgwala a faranti ya bari, wannan ba na ba wa babban mutum ba ne. Sannan ga miyar da ta kwana biyu a firji ba wuta, ta fara tsami, sai a ce "ba wa mai aiki, kada a zubar." In ba za ki iya zuba wa ɗanki ba, kada ki zuba mata. In ta kwanta ciwon ciki ba ta da kuɗin asibiti, kuma ranar da ba ta zo ba ke ce mai cewa ta cika fashi. Ɗumamen tuwo mai kyau ba laifi ba ne, mu ma shi muke nema da safe. Ki dai tambaye ta, "Baba, akwai ɗumame, za ki ci ko in haɗa miki shayi?" ki bar mata ƙofar cewa a'a.

Akwai kuma kofin roba da na taɓa ware wa mai aiki, ina ajiye shi can gefen taga, nesa da sauran. In a gidanki kowa da kofinsa, ita ma ta samu nata irin na kowa, ba komai. Amma a ce hannun da ke wanke kofunan gidan duka bakinsa bai isa ya sha da ɗayansu ba, wannan ƙyama ce, kuma tana gani ko ba ta faɗa ba. Yaranki ma suna gani. A gidana sai da na ji ƙaramar 'yata ta ce wa baƙuwa, "Kada ki sha da wannan, na mai aiki ne," sannan na jefar da shi.

Wurin zama kuwa, kada ki tilasta. Wata dattijuwar in kin ce ta hau tebur da ku, abincin ba zai wuce mata ba don kunyar maigida. Ki shimfiɗa mata tabarma a inuwa ko ki ba ta kujera, ba bakin kwata ba, kuma in ta zauna ki bar ta ta gama. Kiran "zo ki miƙo mini" tana tsakiyar loma ya fi rashin tayin ciwo.

Abinci ba albashi ba ne. Na sha jin mata wajen ciniki suna cewa, "Ai a nan za ta ci," don a rage kuɗin wata, ni ma na taɓa faɗa. A watan Yulin 2024 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na N70,000, daga baya gwamnatin Kaduna ma ta sanar da N72,000 ga nata ma'aikatan. Amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wato mai aikin gidanki ba ta da wata doka ta albashi da za ta riƙe ki da ita, daga ke sai tsoron Allahnki. Shinkafar da ta ci a kicin ɗinki ba za ta biya mata kuɗin haya ba, ba za ta shiga cikin 'ya'yanta da ke jiranta ba. Ki biya ta kuɗinta cif a ranar da kuka yi, abinci kuma ya zama haƙƙin wanda ya wuni yana aiki a ƙarƙashin rufinki. Ranar da ta fasa miki faranti ko ta makara, kada bakinki ya kai ga "duk abincin da kike ci a gidan nan." Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta hana mu ɓata sadakarmu da gori da cutarwa, balle abin da ma ba sadaka ba ne. Haka ƙirga tsokar nama a tukunya don a gwada amanarta: ɗana wa mai jin yunwa tarko ne, ba gwajin amana ba.

Kaduna gari ne da Musulmi da Kirista ke shiga gidajen juna neman halak, don haka sai an lura. Na taɓa yin mai aiki Kirista daga Kakuri, azumi ya zo, murhuna ba ya kunnuwa sai la'asar. Sam ban tuna cewa ita ba azumi take ba, ita kuma don girmama mu ko ruwa ba ta sha a gabanmu. Da na farga sai na riƙa ware mata abin sahur, na ce ta ci a kicin ba wata damuwa. Su ma Kiristoci suna da nasu azumin na kwana 40 kafin Ista, kuma da yawa daga 'yan Katolika ba sa cin nama ranakun Juma'a a lokacin. Musulma kuma wataƙila tana azumin Litinin da Alhamis ko tana ramuwa. In mace ta ce miki ta gode, ki tambaya sau ɗaya a hankali ko azumi take, ki ƙunsa mata nata ta tafi da shi. A watan Ramadan ki rage mata aikin rana, ki sallame ta da wuri ta samu motar gida kafin cunkoson magariba, da ƙunshin ƙosai da kunu a hannunta. Kuma ki tambayi lafiyarta tun farko. Akwai wadda na riƙa cika wa shayi da suga ina miƙa mata lemo mai sanyi, tana sha don kada ta gwale ni, ashe ciwon suga gare ta.

Iyaka ba a wajenta kaɗai take ba, har da ke. Zaman shan shayi da mai aiki yana da daɗi, musamman ga amaryar da ke wuni ita kaɗai. Amma yawancinsu gida biyu ko uku suke yi wa aiki. In kin saba jin labarin gidan maƙwabciya daga bakinta, ki tabbata naki ma yana tafiya, kuma ke kika buɗe ƙofar. Ku yi hirar yara, ta tsadar kasuwa, ta jikinta, ki bar sirrin mijinki a ɗakinki. Shi ma maigida, duk abin da zai ba ta, tsire ne ko kuɗin lemo, ya bi ta hannunki a fili. Wannan kariya ce gare ta kafin ta zama kariya gare ki.

Ƙananan yaran da dillalai ke kawowa daga ƙauye su ne suka fi ba ni tausayi, su ke ci a ƙarshe, su ke kankare ƙanzo. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Kada ku karɓa, ko da kyauta aka ce.

In kin ba ta abinci ta ce za ta tafi da shi gida, kada ranki ya sosu, kada ki ce sai ta ci a gabanki. Uwa ce, ta san wanda ta baro. Ki ajiye mata roba mai murfi ta musamman don haka, in da hali ki ƙara cokali biyu, ki kuma tabbata ta sa wani abu a cikinta kafin ta kama hanya. Naman Sallah ko shinkafar suna ki ba ta tun da rana, ba sai an gama rabon kowa an ga abin da ya rage ba. In gidanku akwai maigadi, ko kuna cikin rukunin gidajen da ake duba jaka a bakin get, ki raka ta ko ki kira shi ki ce ke kika ba ta, don kada a kwance mata ƙunshi a gaban mutane.