Yadda na dawo da karatuna kusa da gida

Ba kuɗin rajista ne ya taso ni daga jami'ar da na fara ba. Shi sau ɗaya ake biyan sa a shekara, kuma Baba ya san lokacinsa. Tun da kaka yakan ware buhun riɗi ya jingine a kusurwar ɗaki, ya ce wannan na makaranta ne, kowa ya kau da ido. Abin da ya gagare mu shi ne wanda ba a rubuta shi a takardar shiga jami'a: kuɗin mota, kuɗin ɗaki, da abin da za a zuba a tukunya kullum ta Allah.

Jami'ar tarayya ce, a wata jiha mai nisa. Daga ƙauyenmu a yankin Jahun, in na fita bayan asuba sai magariba ta wuce nake sauka. Ban samu gado a ɗakin kwanan ɗalibai ba, don haka muka haɗa kuɗi da wasu muka kama haya a bayan makaranta. Muna biya ke nan ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aikin 2022, tun daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur, ɗaki yana kulle kuɗin haya yana ci. Da muka koma ba a daɗe ba aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023. Kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, kwanon shinkafa ya bi bayansa, jami'o'in tarayya da dama kuma suka ƙara kuɗin rajista a shekarar. Na kai matsayin da in aka ba da hutun sallah ba na zuwa gida, saboda kuɗin zuwa da dawowa ya ishe ni cin abincin makonni.

Wani da ke gaba da ni a sashenmu ne ya fara gaya mini cewa ana iya komawa wata jami'ar ba tare da sake zana jarrabawar JAMB ba. Da yawa a ƙauye ba su san da wannan hanya ba, wasu kuma suna rikita ta da shiga kai tsaye da masu NCE ko difloma ke yi zuwa aji biyu. Daban suke. Wannan ta wanda ya riga ya zama ɗalibin jami'a ce, ya gama aƙalla shekara ɗaya, yana da sakamako mai kyau, kuma ba korar sa aka yi ba.

Jami'o'i huɗu na sa wa ido: Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, Jami'ar Bayero a Kano, da ta kimiyya da fasaha ta Wudil wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Dangote. A 2023 gwamnatin Kano ta rage rabin kuɗin rajista a manyan makarantunta, abin ya ɗan ja hankalina. Sai dai jami'ar jiha ta fi sauƙi ga ɗan jihar, ni kuwa takardar shaidata ta Jigawa ce. Birnin Kano kuma, in ba ka da ɗan uwan da zai ba ka wurin shimfiɗa tabarma, haya da kuɗin A Daidaita Sahu za su mayar da kai inda ka gudo. Sai na tsaya kan biyun da ke jiharmu, ɗaya daga cikinsu ce ta karɓe ni.

Ranar da na kawo maganar gida, Baba bai ce komai ba sai da ya aika aka kira Kawu, wanda ya yi shekaru yana koyarwa a firamare. Kawu ya zauna bakin tabarma, ya karɓi littafina ya tsaga takarda, ya ja layi a tsakiya. Hagu tsohuwar makaranta, dama sabuwa. Bai bar komai ba: rajista, haya, mota sau nawa a shekara, gawayi, sabulu, kuɗin buga takardu, har katin waya. Da ya gama sai ya ƙara wani layi a ƙasan dama, ya rubuta "shekara ɗaya" ya zagaye.

"In suka mayar da kai baya fa?" in ji shi.

Na ce, "Kawu, ko sun mayar da ni, lissafin bai kai na can ba."

Ya sake bi da bironsa, ya ga haka ne. Sannan ya ce, "To, sharaɗi ɗaya. Kada ka saki reshe ka kama ganye. Ba za ka ajiye waccan ba sai takardar wannan ta shigo hannunka."

Wannan sharaɗi ya ci kuɗi, domin sai da na sake yin rajista a tsohuwar makaranta ina jiran amsa. Amma na ga waɗanda suka tattara kayansu saboda wani ya ce musu "an gama magana", suka zo suka tarar sashen ya cika, can kuma an rufe rajista.

Takardun kansu ba su da yawa. Fom na neman canji daga sabuwar jami'a, wanda na biya ta Remita, hanyar biyan kuɗi ta intanet. Takardar sakamakon duk kwasa-kwasan da ka yi, wadda tsohuwar jami'a ke aikawa da kanta, ba a ba ka ita a hannu. Wasiƙar da ke nuna sun yarda su sake ka kuma ba ka da laifi. Sai sakamakon WAEC ko NECO da takardar JAMB ta farko. Kowace jami'a tana da mafi ƙarancin CGPA, wato matsakaicin makin da ɗalibi ya tara, da take karɓa, kuma ya kan bambanta daga sashe zuwa sashe, saboda haka ka tambaya tun kafin ka sayi fom, kuɗinsa ba ya dawowa. Takardar sakamakon ce ta fi ba ni wahala. Na biya, na jira, na koma na tarar fayil ɗina yana nan inda na bar shi, wai mai sa hannu ya yi tafiya. Kowane komawa kuɗin mota ne. Tunkiyar Inna a nan ta tafi, aka kai ta kasuwar Gujungu, kuma Inna ba ta taɓa tayar da zancen ba har yau.

Wurin da ake yanke hukunci na gaskiya shi ne ofishin shugaban sashe. Na shiga na gaishe shi, ya ɗora takardata gefe guda, littafin kwasa-kwasansu a ɗaya gefen, yana bi layi-layi da jan biro. Wanda ya yi daidai da nasu ya sa masa alama, wanda babu irinsa a wurinsu ya ja masa layi. Ina tsaye ina kallon kwas ɗin da na kwana ina karantawa da fitilar waya yana tafiya a banza. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan na ci shi da kyau." Ya ce ya gani, amma digirin da za a ba ni sunansu zai ɗauka, dole in yi abin da ɗalibansu suka yi. Gaskiyarsa ce. Aji biyu na maimaita, kamar yadda Kawu ya zagaye. Dama jami'o'i ba sa karɓar mai canji a ajin ƙarshe, sai ka yi shekaru a wurinsu kafin su ba ka shaidarsu, don haka wanda zai yi ya yi da wuri. Daga sashe takarda ta wuce tsangaya, daga nan majalisar jami'a ta amince, sannan magatakarda ya fitar da wasiƙa.

Akwai abu ɗaya da ake mantawa: JAMB. Sunanka a wurinsu yana maƙale da tsohuwar jami'a, hukumar NYSC kuma da jerin sunayen JAMB take aiki in lokacin bautar ƙasa ya zo. Ina samun sabuwar lambar ɗalibi na je ofishinsu na Dutse na bi matakan gyarawa.

Shekarar da na koma, 2024, ita ce aka buɗe neman bashin karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND. Ana buƙatar lambar JAMB, NIN, BVN da lambar ɗalibi, kuma sai makarantarka ta shigar da bayananka kafin shafin ya gane ka. Ga mai canjin makaranta wannan yana nufin jira, har sabuwar lambar ta shiga. Kuɗin rajista makaranta ake tura wa kai tsaye, sai naira 20,000 ta ɗawainiya duk wata a asusunka. Baba da ya ji kalmar bashi sai ransa ya ɓaci. Sai da ya je wurin liman, aka tabbatar masa babu kuɗin ruwa a ciki, kuma biya ba ya farawa sai shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke samu. Duk da haka ya ce in rubuta kowane kwabo a littafi, domin bashi ne, ba kyauta ba, ko da wasu na kiran sa rabonsu na arzikin ƙasa. Hukumar tallafin karatu ta jiha ma na cike fom ɗinta, amma ban taɓa ɗora tukunya a kan kuɗin da ban san ranar zuwansa ba.

Naira 20,000 ba ta riƙe ɗalibi wata guda, kowa ya sani. Abin da ya riƙe ni shi ne kusanci. Yanzu Inna kan ɗaure garin gero, wake, kuka, daddawa da ƙuli-ƙuli a buhu, ƙanena ya kai bakin titi ya ba direban da muka sani, kafin azahar na karɓa a tasha. Da damina nakan zo ranar Juma'a da yamma in kama noma Asabar da Lahadi, kuɗin 'yan ƙwadagon da Baba zai biya ya zauna a gida. Da rani ina koyar da yara lissafi da yamma a unguwar da nake zaune.

Akwai abin da na rasa. Ɗakin gwaje-gwajen tsohuwar makaranta ya fi, abokan da muka fara tare sun riga ni gamawa, kuma kusa da gida kowane biki da rasuwa ana sa ran ganin ka, ko da gobe kana da jarrabawa. Wannan sai da Baba da kansa ya tsaya mini, ya ce wa dangi in ba Asabar ba ce kada a neme ni.

Kuɗin fom da na rajistar da na biya sau biyu Kawu ne ya ranta mana. Mun biya shi rabi da riɗin bara, saura kuma mun yi da shi sai an ɗaga zoɓon bana.