Kafin a Sayar da Filin Baba: Wasiƙa Daga Ingila

Assalamu alaikum, jama'ar Kano, musamman ƙannena da suka karanta ilimin kwamfuta a Jami'ar Bayero ko Wudil ko wata makarantar, suka gama hidimar ƙasa, yanzu kuma hankalinsu ya karkata ga fitowa waje yin digiri na biyu. Ina muku fatan alheri daga nan arewacin Ingila.

Kusan kowane mako sai wani ya turo min saƙo ta WhatsApp: "Yaya, nawa ne kuɗin makaranta a can?" Tambayar ba laifi, sai dai ƙarama ce. Wadda ta fi ta nauyi ita ce kuɗin wa za a kashe, kuma idan lissafi ya rushe a tsakiyar hanya, wa zai kwana a ciki?

Nawa lissafin na yi shi ne a farkon 2023. A lokacin fam ɗaya bai kai naira 600 ba a farashin banki, idan mutum ya cika takardar Form A, ta neman kuɗin waje daga banki, ya yi haƙurin jira. Kuɗin karatuna fam 16,000 ne na shekara guda, a biya kashi uku. Mahaifinmu ya sayar da filinsa na wajen Gaida, wanda ya ajiye da niyyar gina wa ƙannena. Na tuna ranar da aka kawo kuɗin, muna zaune a soro bayan la'asar, ya ɗora hannunsa a kan takardar ciniki ya ce, "Allah Ya sa alheri ne, ka je ka yi abin da ya kai ka." Bai ƙara komai ba. A watan Yuni na shekarar Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Kafin Fabrairun 2024, lokacin biyan kashi na biyu, fam ya haura naira 1,900. Kuɗin da aka lissafa zai kai ni ƙarshen karatu ya ƙare kafin rabi. Yayana ya yi ta sintiri tsakanin Wapa da shagonsa na Kantin Kwari, yana kirana daga cikin hayaniyar 'yan canji, farashin safe daban na yamma daban. A ƙarshe jarin shagon ne ya cike giɓin. Ba ni kaɗai ba ne: a 2024 akwai ɗalibai 'yan Najeriya da aka dakatar da karatunsu a nan saboda sun kasa biya a kan lokaci, wasu har aka ce su bar ƙasar.

Kuɗin makaranta ma ƙofa ce kawai. Digiri na biyu a fannin kwamfuta a Ingila yakan kama daga wajen fam 15,000 zuwa sama da 30,000, gwargwadon sunan jami'ar. Bayan shi akwai kuɗin biza, kusan fam 500 ko fiye. Akwai kuɗin lafiya da ake biya gaba ɗaya tun kafin a taso, wanda aka ɗaga daga fam 470 zuwa 776 a shekara a Fabrairun 2024. Sai kuma a nuna kuɗin zama na wata tara, sama da fam 1,000 kowane wata a wajen Landan, kuma dole su kwana 28 a asusu ba a taɓa ba. Wasu sukan ari kuɗin su nuna, su mayar wa mai su bayan biza ta fito. Ina roƙonku kada ku yi haka. Adadin nan ba don ado aka sa shi ba, kusan abin da haya da abinci da mota da kuɗin ɗumama ɗaki za su ci ke nan.

Ejan, wato dillalin nema wa ɗalibai makaranta a waje, zai ce maka, "Ai da ka isa za ka kama aiki ka biya sauran." Doka ta ba ɗalibi awa 20 ne kacal a mako lokacin karatu. Na yi aikin dare a wani sito, ina jera kwalaye daga ƙarfe goma zuwa shida na safe, in yi asuba a kan kwali a ɗakin hutawa, in kama motar farko, ƙarfe tara ina aji idanuna kamar an zuba barkono. Abin da na samu ya biya haya da abinci, bai taɓa taɓa kuɗin makaranta ba. Kuma abin da ya fi ci min rai, darasin da aka sayar da fili domin sa shi ne nake gyangyaɗi a cikinsa.

Karatun kansa yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Na samu malamai masu duba aiki layi-layi, da na'urori masu ƙarfi, da wutar da ba ta ɗaukewa. Amma shekara ɗaya gajeriya ce ƙwarai. Wanda ya zo bai iya rubuta manhaja da hannunsa ba, haka zai koma, sai dai da takarda mai tambari. Da na fara neman aiki, ba wanda ya tsaya kan sakamakona. Matsala suke ba ka, su ce warware ta a gabansu cikin minti arba'in, sannan su tambayi abin da ka taɓa ginawa. Abokan karatuna da suka samu aiki da wuri duk sun yi shekaru suna aiki kafin su zo.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. A lokacinmu ana ba da izinin zama na shekara biyu bayan kammalawa, amma daga nan sai kamfani ya ɗauki nauyin bizarka, kuma a Afrilun 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashin da ake nema daga fam 26,200 zuwa 38,700, ko da yake akwai rangwame ga sababbin masu digiri. Mai iyali kuma ya sani, tun Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu irin na aji, ba na bincike ba, ba ya zuwa da mata da yara. Dokokin nan canzawa suke yi, ba a kuma shawara da mu.

Da zan koma 2023, da sai na tsaya na yi aikin shekara biyu a gida, sannan in nemi tallafin karatu: Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda dama yana buƙatar ƙwarewar aiki ta shekara biyu, ko Commonwealth, ko DAAD ta Jamus, ko na hukumomin gwamnatin tarayya, PTDF da NITDA, ko na gwamnatin jiharmu idan an buɗe. Da na duba Jamus sosai, inda yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, sai dai a ajiye kusan yuro 12,000 a asusu na musamman don zaman shekara, a kuma dage da koyon Jamusanci. Akwai ma shirin jami'ar Georgia Tech ta Amurka da ake yi ta intanet tun 2014, wanda duka kuɗinsa bai kai dala 10,000 ba. Mutum yana zaune a Rijiyar Zaki zai yi shi, idan ya tanadi sola da data, bai bar aikinsa ba, bai bar iyayensa ba.

Wanda gidansu ke da halin da ko kuɗin sun ninka biyu ba za a girgiza ba, ya zo, zai amfana. Wanda kuwa sai an sayar da gado ko an taɓa jarin wani, ya zauna da mahaifinsa da yayyensa, a rubuta komai a takarda, a ninka shi biyu, a faɗa wa juna gaskiya kafin a kira dillali.

Ni yanzu alhamdulillahi ina aiki a wani ƙaramin kamfanin manhaja, bayan wata goma sha ɗaya ina nema. Na gama mayar wa Yaya jarinsa. Filin Gaida kuwa an gina shi, bene hawa ɗaya, ƙanena ya turo min hotonsa. Duk wata ina ware abin da zan iya don in sai wa Baba wani, ko da can gaba ne.

A gaishe min da mutanen gida.

Naku,
ɗan'uwanku a Ingila