An haife ni "wajen 1939"

Takardar haihuwata ba ta da rana, ba ta da wata. Abin da aka rubuta da Faransanci shi ne an haife ni "wajen 1939", illa iyaka. Inna, Allah ya jiƙanta, ta ce da kaka ne, ana cirar gyaɗa. Abin da ni kaina na riƙe shi ne ambaliyar 1945, lokacin da Gulbi ya cinye tsohon garin Maraɗi muka hauro tudu, ina biye da ita da tabarma a kai. Yau idona ya yi rauni, don haka ni ke faɗa, jikata ke bugawa. Duk inda kuka ga kuskure, na amaryar tawa ne.

An ɗauke ni soja a 1958, shekarar da aka yi ƙuri'ar "i" da "a'a". Da yake na yi lakwal, ina iya karatu da rubutu, sai aka ware ni sashen sadarwa. Bayan horo aka tsallaka da mu Aljeriya. Kayan aikina rediyo biyu ne: PRC-10 da ake goyawa a baya, da wata babba, ANGRC-9, wadda sai mutum ɗaya ya zauna yana murza injin wuta da hannu biyu kafin ta yi magana. Mai goyon rediyo ba ya ɓuya, eriyarsa ce ke nuna shi daga nesa. Sanyin duwatsun can kuwa, hunturun Maraɗi wasan yara ne.

Ba na son dogon zance a kan yaƙin. Mutanen da aka kai mu mu yaƙa, alƙiblarmu ɗaya da su, kuma abin da suke nema shi ne abin da ƙasata ta samu ranar 3 ga Agusta 1960, ina can sanye da kakin wani. Ba a tambaye ni ba kafin a kai ni, amma wannan bai taɓa isata hujja ba idan dare ya yi. Na dawo gida a 1962.

Abu ɗaya na kawo daga can wanda ya ciyar da ni har tsufa. Wata rana rediyo ta mutu muna tsakiyar dutse, na rikice, na fara kwance ta ina zargin fitilun ciki. Wani tsohon sarjan, mutumin Mali, ya buge mani hannu. Ya ce in fara daga inda wuta ke shiga, in bi ta gaɓa-gaɓa har eriya, kada in taɓa gaɓa ta biyu sai na tabbatar da ta farko. Ashe bakin batir ne ya yi tsatsa. Minti biyu aka kankare shi, ni kuwa na kusa lalata rediyo lafiyayya.

Da na tuɓe kaki na shiga aikin gyaran wayar tarho a Yamai, da dare ina karatu tare da yaran da na girme wa nesa ba kusa ba. Ana yi mani dariya, ana cewa gemu ya shiga lakwal. Haka na lallaɓa shekara da shekaru har na ci jarabawar shiga makarantar kwamfuta ta Libarbil a Gabon, wadda ƙasashenmu masu Faransanci suka haɗu suka kafa a 1971, Nijar na cikinsu. Can na fara ganin abin da muke kira ordinatar. Ɗaki guda ta cika, da na'urar sanyaya ɗaki tata ta kanta, mu kuwa muna zufa a waje.

Yaran yanzu ba sa yarda idan na ce da kati muke yi mata magana. Kati ne na takarda mai kauri, yana da gurbi 80, kowane gurbi harafi ɗaya, ana huda shi da inji. Layi ɗaya na umarni, kati ɗaya. Da yaren COBOL muke rubutu. Ka miƙa katunanka yau, gobe a ba ka amsa, kuma sau da yawa amsar ita ce ka manta ɗigo ɗaya a layi na ɗari da wani abu. Wannan ya sa mutum ke zama da fensir ya bi aikinsa a takarda, yana yin kansa kamar shi ne injin, kafin ya huda ko kati ɗaya.

A COBOL gurbi shida na farko na lambar jeri ne. Ni da na dawo gida na kama aikin lissafin albashi a wata ma'aikata, sai na riƙa tsallake su, wai ɓata lokaci ne. Ana saura kwana uku a biya mutane, na yi tuntuɓe a bakin ƙofa da kwalin kati a hannu. Kwali cike kati 2000 yake ci, nawa ya kusa cika. Suka watse kamar an sheƙe hatsi. Kwana biyu na yi a durƙushe ina jera su da takardar aikin a gefe, maigadi na kawo mani shayi yana cewa, "Sannu Mushe, Allah ya kawo sauƙi." Daga ranar ban sake barin lambar jeri ba, kuma kowane ƙunshi sai na ja masa layi a karkace a bisa da alƙalami, don katin da ya bar wurinsa ya tona kansa.

Amma abin da ya fi tsaya mani a rai daga wancan zamani shi ne gurbin ranar haihuwa. Tsarin da muka koya na Turawa ne: rana, wata, shekara. Mafi yawan ma'aikatan da ke jerina irina ne, ƴan "wajen". Inji bai san wajen ba, kuma ba ya karɓar gurbi fanko. Sai muka cika wa kowa 1 ga Janairu. Da hannuna na ba ɗaruruwan mutane ranar haihuwar da ba tasu ba, kuma da ita aka lissafa ranar ritayarsu. Shekarar ma lamba biyu muke sa mata don tsimin gurbi, 39 maimakon 1939. Wannan tsimin ne ya tayar wa duniya hankali da 2000 ta gabato, ana tsoron inji ya ɗauki 00 a matsayin 1900, aka riƙa neman tsofaffin da suka san COBOL. Ni ma an aiko Maraɗi an ɗauke ni na ƴan watanni, bayan na riga na ajiye aiki.

Tun bayan faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994, lokacin da kuɗin duk wani kayan waje ya ninka, na ga mutane sun koma gyara maimakon saye. Shi ya sa da na yi ritaya na buɗe ɗan shago a nan gida. Cutar kwamfuta a Maraɗi ba ta da yawa: ƙurar hunturu da ke toshe fanka, zafin bazara, sai kuran, wato wutar lantarki, da ke tafiya ya dawo da ƙarfi. Kayan gyara daga Kano nake sayowa, ta Ɗan Isa da Jibiya. Yaran da suka koyi aiki a hannuna sun fi ni sauri, wannan ba gardama. Inda muke faɗa da su ɗaya ne: da an kawo inji sai su ce a goge komai a sake zubi. Wani yarona ya taɓa yi wa wani Alhaji haka, ashe duk lissafin bashin da yake bin ƴan kasuwa na ciki, ba shi da kwafi ko'ina. Alhajin bai yi faɗa ba. Ya dube ni ya ce, "Baba, da kai na ba." Na fi son da zagina ya yi.

Kuɗin tsohon soja da Faransa ta daskare mana tun lokacin ƴancin kai, sai a 2007 aka fara daidaita shi da na Faransawan da muka sha sanyi ɗaya. Yawancin waɗanda muka tafi tare suna ƙasa kafin nan.

Bara amaryata ta matsa sai ta buɗe mani Facebook, wai in riƙa ganin hotunan ƴaƴan ƴan'uwanta da ke Damagaram. Tana cikin cikawa ta tsaya.

"Kaka, wace rana aka haife ka?"

Na ce da kaka ne, ana cirar gyaɗa.

"Babu gurbin cirar gyaɗa a nan, tsoho."

Na ce to ta duba ko akwai na "wajen". Ta duba, babu. Ta ɗan yi shiru, sannan na ji tana dannawa. Na tambaye ta me ta sa.

"1 ga Janairu," in ji ta.