Shunyata: yadda mabiya Buddha ke neman "ni" su rasa

Masu jin labarin shunyata (kalmar Sanskrit mai nufin zama fanko, ɗaya daga koyarwar addinin Buddha) daga nesa sukan ɗauka ana nufin babu komai a duniya. Nagarjuna, malamin Indiya da ya rayu wajajen ƙarni na 2 zuwa na 3 Miladiyya, bai ce haka ba. Abin da ya kafa a littafinsa Mulamadhyamakakarika, mai babi 27, shi ne babu abin da ke da zati na kansa, tsayayye, wanda bai jingina da sababi ko sassa ko sunan da aka laƙaba masa ba. A babi na 24 ya nuna cewa samuwar abu ta dogaro da wani abu ita ce shunyata ɗin. Abubuwa suna nan, suna aiki, sai dai ba yadda suke bayyana mana ba.

A ɗariƙar Gelug ta Tibet, wadda Tsongkhapa (1357 zuwa 1419) ya assasa, ana koyar da wannan a zaune, mataki huɗu. Kafin a fara, sai an natsar da hankali ta bin numfashi, ko na minti goma ne, domin hankalin da ke yawo ba ya riƙe bincike.

Mataki na farko shi ne gane abin da za a kore, kuma a nan yawancin mutane ke faɗuwa. Malaman sukan ce ka tuno lokacin da aka yi maka ƙazafi a bainar jama'a, a ce an kira ka ɓarawo. Ƙirji ya ɗauki zafi, wuya ya ƙage, wani "ni" ya miƙe a ciki yana cewa "ni za a ce wa haka?" Wannan "ni" ɗin, mai kama da dunƙulallen abu da ba ya bukatar komai, shi ake nema. Ka bar shi ya bayyana, kana leƙensa da gefen hankali. In ka zura masa ido kai tsaye sai ya ɓace. In ka bar fushin ya kwashe ka, binciken ya lalace. A ganina gara mutum ya daɗe a nan, domin wanda ya tsallake shi kalmomi kawai zai yi ta juyawa, zuciyarsa ba ta motsa ba.

Na biyu gajere ne: ka gamsu cewa in wannan "ni" yana nan da gaske, to ko dai shi ne jiki da hankali, ko kuma wani abu ne dabam da su. Babu hanya ta uku.

Na uku da na huɗu su ne a gwada kowanne daga hanyoyin biyu. Koyarwar Buddha ta kasa mutum gida biyar: jiki, jin daɗi ko zafi, tantance abubuwa, niyyoyi da ɗabi'u, da sani. In "ni" su ne, ai ya zama biyar, kuma ya riƙa canjawa da kowane tunani. In kuwa dabam yake, ya kamata a same shi bayan an ware biyar ɗin, amma ba a samu. Chandrakirti, wani malamin Indiya na ƙarni na 7, ya yi irin wannan da keken doki ta fuska bakwai, daga cikinsu: keken ba ƙafafun ba ne, ba tarin sassan ba ne, ba siffarsu ba ce, ba kuma wani abu ne a wajensu ba. Duk da haka ana hawansa a je unguwa.

In an nema an rasa, a tsaya a kan rashin, a daina tunani. Idan ya dusashe, a koma binciken.

Matsala ta fi zuwa ta hanya biyu. Wani yakan kore fiye da kima, ya ce tunda babu "ni" to babu alheri babu sharri. Wannan shi ne mafi haɗari, kuma saboda shi ake koyar da gaskiya iri biyu: ta mu'amalar yau da kullum, inda aiki ke da sakamako, da ta ƙarshen bincike. Alamar an kauce ita ce tausayi ya ragu. Wani kuma yakan ji kansa ya yi shiru babu tunani, ya zaci ya iso, alhali natsuwa ce kawai, bai kore komai ba. Akwai ma mai mayar da shunyata wani ɓoyayyen zati a bayan abubuwa. Nagarjuna ya yi gargaɗi kan wannan a babi na 13, inda ya ce masu riƙe ta a matsayin aƙida ba su da magani. Gyaran shi ne a juya matakan huɗun a kan ita shunyatar, a neme ta kamar yadda aka nemi "ni".