Wata uku ina yawo da fom a ƙauyukan Lankasta

Lokacin da nake digiri na biyu a Amurka, fannin tattalin arzikin karkara, hutun zafi ya zo kuma ba ni da kuɗin jirgin zuwa gida, sai malamata ta ce akwai wani ɗan aiki in ina so, za a biya ni sannan abin da na tattara zai shiga furojet ɗina. Aikin shi ne in riƙa zagaya ƙananan garuruwan gundumar Lankasta da ke jihar Pensilbaniya, ina tare baƙin da suka zo yawon buɗe ido da iyalansu ina cike fom, daga ina kuka zo, ku nawa ne, kwana nawa za ku yi, nawa kuka kashe yau. Shi ke nan fa. Aka ba ni aron wata tsohuwar mota da kati na rataya a wuya. Ni dai a raina lissafi zan je in yi, in ƙirga kawuna in ƙirga daloli in dawo in zuba a kwamfuta.

Wurin kam yana da kyau, wallahi har yanzu in na rufe ido ina ganinsa. Tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce daga Filadelfiya ta yamma, kana barin babban titi sai ka faɗa cikin 'yan tuddai marasa tsayi, masara kore shar iya ganinka, shanun madara, dogayen rumbuna a tsaye kusa da fararen gidaje, ga wanki an shanya a igiya tun daga baranda har can saman ɗakin dabbobi, baƙaƙen wanduna a jere daga na uba har na auta. Nan ne 'yan Amish, wata al'ummar Kirista manoma, suke da yawa, sun haura 40,000 a yankin. Kakanninsu sun taso daga Suwizalan da kudancin Jamus tun shekarun 1700 saboda tsangwamar da ake musu kan addini, kuma har yau ba sa tuƙa mota, ba sa jawo wutar lantarki daga layi, da doki da alfadari suke huɗa, keken dokinsu mai ruwan toka ne da wata alama mai kusurwa uku ruwan lemo a baya don masu mota su hango. A tsakaninsu wani yaren Jamusanci suke yi, kuma duk wanda ba nasu ba Ingilishi suke ce masa, ko daga ina ya fito. Yawancin baƙin da nake tarewa su suka zo gani, ko da bakinsu bai faɗa ba.

Satin farko a Strasburg na yi shi, inda tsohon jirgin ƙasa mai tururi yake. Layin tun 1832 aka ba shi lasisi, ya kusa mutuwa sai wasu masu son jirgi suka haɗa kuɗi suka saye shi a 1958 suka mai da shi na ɗaukar 'yan yawo, tsawonsa kamar kilomita 7 ne, ana zuwa wani ƙauye da ake kira Paradise a dawo, minti 45 duka. Ni kuma sai na je na tsaya daidai layin yankan tikiti ina tare mutane, mutum ga yaro a kafaɗa yana kuka ga mata tana neman canji ga jirgi yana busa, ni kuma ina cewa yallaɓai minti biyar kawai. Da ƙyar nake cike fom biyar a yini. Wata tsohuwa mai aiki a wurin ce ta kira ni gefe ta ce yaro, ka bari su sauko mana, in sun zauna yara sun samu askirim a hannu kowa zai saurare ka. Haka kuwa aka yi. Na kuma daina farawa da fom, sai in gaisa, in tambayi yaron yaya jirgi, in bar shi ya gama ba ni labarin hayaƙi da gawayi, kafin nan uban da kansa yake cewa me ka ce kana tambaya? Abin da tun ina ƙarami aka koya min a gida, ba a shiga magana sai an gaisa, amma da na rataya kati a wuya sai na ajiye shi kamar ba na wurin aiki ba ne.

Daga nan na fara jin abubuwan da babu gurbinsu a fom ɗin. Iyaye suna faɗa min nawa suka kashe a otal da wurin lilo, amma in ka tambayi yaro me ya fi burge ka, ba ya ambatar abu mai tsada. A Lititz, wani ɗan gari mai tsabta da mabiya cocin Morabiya suka kafa a 1756, akwai gidan gashin pretzel na Julius Sturgis da ke nan tun 1861, wani abu ne kamar biskit mai gishiri da ake murza kwaɓinsa ya yi tsawo kamar igiya sannan a naɗe. Suna ba kowane baƙo ɗan curin kwaɓi ya gwada naɗawa da hannunsa. Na ga wata yarinya da ba ta fi shekara shida ba, ta yi ta yi yana warwarewa, ta ciji leɓe, a karo na huɗu ya zauna, ta ɗago tana neman idon babanta, kai ka ce jarrabawa ta ci. Haka a gonakin da ake yanka hanyoyi cikin masara yara su shiga su ɓace su nemo mafita, ko inda ake ba su kwalbar madara su shayar da ɗan maraƙi. Mutanen birni ne, daga Niyok da Niu Jazi da Baltimo, 'ya'yansu ba su taɓa taɓa akuya ba, kuɗi suke biya a bar su su sa hannu a aikin da wani yake yi kullum don ya ci abinci. Wannan ya daɗe yana min yawo a kai, don ni duk karatun da na yi a aji yana nuna sai an zuba jari mai nauyi an gina wani abu kafin baƙo ya zo.

To sai maganar Lahadi. Na tsara jadawalina na sa Lahadi a matsayin ranar da zan fi samun mutane a rumfunan bakin hanya, na fito da sassafe na bi titin 340 ta Bird-in-Hand, ko'ina a rufe. Kowace rumfa da ɗan allo an rubuta da hannu, ba ciniki ranar Lahadi. Motocin baƙi suna ta wucewa da kuɗi a aljihu, masu kaya kuwa sun tafi ibada, su ba su da ginin coci ma, gida-gida suke zagayawa duk bayan sati biyu. Da na rubuta rahoton wata na farko sai na sa wannan a ƙarƙashin asarar kuɗin shiga, har da ƙiyasi. Malamata ta zagaye kalmar da jan biro ta rubuta a gefe, asarar wa? ka tambaye su? Gaskiya ban tambaya ba. Ban ma taɓa zama da ko mutum ɗaya daga cikin masu wurin ba, wata guda cur ina magana da baƙi kawai, alhali ni ɗin nan na taso a garin da ake rufe shago ranar Juma'a in an yi kiran farko kuma ba wanda ya taɓa kiran haka asara.

Abin da ya fi tsaya min a rai a wata rumfa ya faru, can cikin wata 'yar hanya da ba kowa ke bi ba. Tebur ne ɗaya a ƙarƙashin bishiya, tumatir a ƙananan kwanduna, ɗanyar masara, ƙwai, kwalaben jam, kowanne da farashinsa a ɗan kwali, sai wata gwangwani mai huda a murfi, ka ɗauki kaya ka jefa kuɗi ka tafi, ba mai tsaro. Ina tsaye ina mamakin wannan amana sai ga yara uku sun fito daga gona ba takalmi, mazan da hular kaba da wando mai igiya a kafaɗa, macen da 'yar farar hula, suna jan wata 'yar amalanke cike da kabewa. Hasken yamma ya sauka a kansu, abin ya yi kyau ƙwarai, ban san lokacin da na ciro waya na ɗauka ba. An faɗa min tun ranar farko cewa 'yan Amish ba sa son hoto, na sani sarai, amma a lokacin sai zuciyata ta ce ai yara ne, ai daga nesa ne.

Babbar cikinsu ta juya baya ta sunkuyar da kai. Wannan juyawar ita ta kashe min jiki, don na san ta. Ina yaro a Zariya lokacin hawan sallah Turawa kan zo da manyan kyamarori, kuma na sha ganin mahaifiyata ta ja mayafi ta rufe fuska ta kau da kai in sun saita mu, tana cewa su waɗannan ko sallama babu. Na sha ganin masu tallan nono sun yi haka a bakin kasuwa. Yau ga ni na tsallako teku na zama mai kyamarar.

Uban ya fito daga ɗakin shanu, dogon mutum mai gemu ba gashin baki, yana goge hannu a wando. Bai ɗaga murya ba ko kaɗan. Ya ce in kana son hoto ga doki can, ga rumbu, ga tumatir, ɗauki duk yadda kake so, amma fuskokinmu muna roƙo a bar mana. Na ba shi haƙuri, na goge hoton a gabansa na nuna masa, ya gyaɗa kai kawai. Na ɗauka maganar ta ƙare, sai ya kalli katin wuyana ya ce aikin me kake yi, da na faɗa masa sai ya ce to mu ba a tambayarmu ne? Muka zauna a kan wani benci har rana ta kusa faɗuwa. Ya ce su a wurinsu tsayawa a ɗauke ka hoto ƙofar girman kai ce, kuma suna jin tsoron dokar Littafi Mai Tsarki da ta hana yin siffa. Ya ce baƙi ba abokan gaba ba ne, rumfar nan ita ke sayen takalman makaranta da sukari, matarsa tana ɗinka barguna masu ado tana sayarwa, kuma da yake ƙasa ta yi tsada sosai ba kowane ɗa zai samu gona ba, da yawa sun koma kafinta da gini, to su wa za su saya in ba baƙi ba. Amma akwai wanda zai faka mota ya shigo har tsakar gida yana leƙen taga, akwai wanda zai tsaya a bakin makarantar yara mai aji ɗaya yana ɗauka kamar ya zo gidan zu. Tumatir na sayarwa ne, in ji shi, bargo na sayarwa ne, sauran kuma namu ne.

Bayan wannan ranar sai na fara ganin gundumar da wani ido. In ka bi titin 30 za ka ga otal-otal da manyan kantuna da wuraren wasan yara irin su Dutch Wonderland da aka buɗe a 1963, da shaguna masu hoton keken doki a allo alhali mai shagon bai taɓa riƙe linzami ba. Ka karya kwana minti biyar kuma sai gona. Ba haka kawai gonakin suka tsira ba, tun 1980 gundumar ta kafa hukumar kare ƙasar noma, ana biyan manomi ko ya bayar don kansa a rubuta a takardar filin cewa ba za a taɓa yanka shi fuloti ba ko an sayar, kuma filin da aka kare haka ya wuce eka 100,000. Wato mutanen sun zauna sun ce daga nan zuwa nan ba na gini ba ne ko nawa za a ba mu, kuma wannan abin da suka hana shi ne dai abin da baƙon yake tuƙo mota awa uku ya zo gani. Ni a ganina duk wanda zai yi aikin raya karkara ya kamata a kai shi ya tsaya a wannan kwanar ya kalli hagu ya kalli dama kafin a ba shi satifiket.

Wani abu da ban zata ba, ranar wata Asabar a babbar kasuwar cikin garin Lankasta, wadda ake ci tun 1730, ina tambayar mai kek ko da man alade aka yi ɓawon, don a can sai ka tambaya, sai na ji daga bayana an ce sannu, ina gajiya? Na juya, wata farar tsohuwa ce da sanda tana murmushi, ta ga hulata. Ashe iyayenta 'yan mishan ne na cocin Brethren, cocin da ya fara aiki a Garkida a 1923, wanda a ƙasarmu yanzu ake kira Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, ita kuma a Jos ta yi makaranta. Hausarta ta tsufa amma tana nan, ta ce ɗana yaya mutanen gida, na ce Mama suna lafiya, ta riƙe hannuna ta ƙi saki tana tambayata ko har yanzu ana ƙosai da safe a bakin titi. Na je ƙirga baƙi a garin mutane sai ga wadda ta taɓa zama baƙuwa a namu, kuma abin da ta riƙe shekara sittin gaisuwa ce.

Da na koma wurin malamata na roƙe ta a ƙara shafi ɗaya a fom ɗin, na masu wurin, ta ce lokaci ya ƙure amma in zan iya in yi. Na cire kalmar asara daga rahoton. Tambayoyi huɗu kawai na sa, ta ƙarshe ita ce me kuke so baƙi su sani kafin su zo. Ba kowa ya yarda ya amsa ba, wasu sun ce sai sun tambayi dattawansu, wasu suka yi murmushi suka ci gaba da aiki, ban matsa ba. Mutumin nan mai rumfa shi na fara kai wa, na bar wayata a mota. Ya karɓi biro ya daɗe yana kallon takardar, yaran suna leƙowa ta bayansa, sannan ya rubuta layi ɗaya da ƙananan haruffa ya miƙo min, su rage gudu in sun ga doki, kuma kada su danna hon, yana firgita.